Albasar Baba a Cikin Duro

Mahaifina, Malam Hamidu na Kalmalo, bai bar gidan soro ba, bai bar shanu ba, bai kuma bar ɗa namiji ba. Abin da ya bari a duniya ni ce, Raliya, sai kwando biyu na albasa.

Kada wani ya yi dariya. Wannan albasa ba ta miya ba ce, uwar iri ce. Ja ce har ta yi duhu, wuyanta siriri, ɓawonta a ɗame, kuma in aka yanka ta a tsakar gida wanda ke zaure sai ya share ido. Kakan Baba ne ya fara zaɓenta. Kowace bazara in an cire albasa, Baba zai baje tabarma ya bi tulin ɗaya bayan ɗaya, yana juyawa, yana latsawa da babban yatsa, yana shinshinawa. Wadda ta yi masa sai ya kai ta rudu, wato ɗan gadon kara da ake ɗagawa daga ƙasa a yi masa hular ciyawa, iska na ratsa shi ta ko'ina. A nan take zama har damina ta wuce, sannan a sake binne ta a bakin tafki, ta miƙa kara, ta yi farin fure, ta ba da baƙin irin da za a shuka baɗi.

A shekara ta uku da samun mulkin kai ciwo ya kwantar da Baba tun cikin sanyi. Amininsa Malam Halliru ya tara maƙwabta suka riƙa yi wa babbar gonar ban ruwa, Allah ya saka musu. Amma fangalin iri, wato ɗan filin da ake binne uwar iri, yana can nesa shi kaɗai, don Baba ba ya yarda furensa ya haɗu da na kowa, kuma kafin a tuna da shi ya bushe ƙurmus. Ragowar irin bara ba shi da amfani, irin albasa ba ya kai shekara biyu da rai. Da aka cire albasa Baba ya sa aka zaunar da shi, aka jingina shi da bango, ya yi zaɓensa na ƙarshe. Ya kira ni ya nuna mini kwandunan.

"Raliya, wagga albasa rai gare ta," ya ce. "Ki bar ta ta sha iska, kak ki matse ta. In tak kai kaka, ki kai ma Halliru shi bizne. In ba ta kai ba, to ta ƙare ke nan, babu wata."

Bayan kwana shida ya rasu. Da aka yi bakwai na ɗora kwandunan a kan jaki na taho da su ɗakina.

A Illela nake aure. Maigidana sunansa Maccido, na faɗa sau ɗaya don ku san wanda ake magana a kansa, ba zan ƙara ba. Ɗan kasuwa ne ɗan ɗan kasuwa, sukari da shayi da ashana yake kaiwa Ƙonni ya komo da abin da ya samu. Mutum ne mai sanyin hali, shekararmu goma sha biyu tare a lokacin ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Babban abokin gabarsa a duniya ba ɗan kwastan ba ne, danshi ne. Danshi ke dunƙule masa sukari, danshi ke kashe masa ashana. Saboda danshi ya gina ɗakin kwano mai daɓen siminti, na farko a unguwarmu, har mutane suna zuwa kallo. A cikin ɗakin ya ajiye wani babban duro mai murfi da zoben ƙarfe, ya naɗa masa robar tayar keke a baki, in ya rufe ko tururuwa ba ta samun hanya. A ganinsa duk abin da mutum yake so a duniya, wurinsa cikin duron nan.

Na shimfiɗa albasar a kan gadon kara ƙarƙashin rumfar tsakar gida, da niyyar in na dawo daga sadakar arba'in in sa a yi mini rudu. Laifina ɗaya ne, kuma na ɗauke shi: ban gaya wa maigida komai ba. Ni 'yar bakin tafki ce, na ɗauka ko jariri ya san albasa ba a rufe ta.

Kwanana takwas a Kalmalo. A kwana na biyu ruwan farko ya sauka bayan la'asar, na tuna rumfata, na ce ai ciyawarta sabuwa ce, ba komai. Ranar da na dawo da hantsi na iso, gari ya yi sanyi don an yi yayyafi da asuba. Ina shiga gida idona ya tafi rumfa. Gadon kara na nan, an share shi tas, babu albasa ko ɗaya.

Maigida ya fito yana murmushi har kunne, mabuɗi a hannunsa.

"Sannu da hanya. Aje kayan ki taho ki ga abin da niy yi."

Ya buɗe ɗakin kwano. Buhunan sukarinsa ne jingine da bango, a fili, a kan katako. Duro kuwa yana tsakiyar ɗaki a rufe ruf.

"Randa anka yi ruwan hwarko ina shago," ya ce. "Da nig ga hadari, sai nit tuna da albasar Malam. Na bar shago buɗe, na sheƙo da gudu. Ruwa ya ɗan taɓa ta, amma ban bar ko guda ba, har wadda tag gangara bayan randa sai da niɗ ɗauko. Na kwashe sukari na ba ta wurin. Sukari ana sayen wani. Kwana shidda ke nan ban buɗe ba, ko iska ba ta shiga ba."

Na ɗora tafin hannuna a jikin duron. Ɗakin da sanyi, siminti da sanyi a ƙafata, amma ƙarfen nan ɗumi gare shi kamar goshin mai zazzaɓi.

To, ku gaya mini yadda ake yi wa irin wannan mutum faɗa. Ya bar shagonsa a buɗe, ya fitar da sukarinsa ga danshin da yake tsoro fiye da maciji, duk don girmama surukinsa. Raina ya ɓaci har ina jin ɗaci a bakina, kuma a lokaci guda ban taɓa son sa kamar wannan safiya ba. Na haɗiye abin da ya taso mini.

"An gode, Maigida. Allah shi saka da alheri. Ko za a buɗe in dube su?"

"A'a, a bari dai. In anka buɗe, danshi na shiga."

Allah da ikonsa sai ga ƙararrawar keke a ƙofar gida. Mukhtari ne, ƙanin maigida, ya zo yi mini barka da dawowa. Bai daɗe da gama makarantar aikin gona ba aka ba shi malamin gona na yankinmu, yana yawo da gajeren wando na kaki da littafi a aljihu yana koya wa tsofaffi noman da suka yi tun ba a haife shi ba. Tsakanina da shi wasa ne na ƙanin miji, ba ya raga mini, ba na raga masa.

"Matarmu ta dawo! Mi anka kawo muna daga ƙauye?"

"Taho nan, malamin takarda," na ce. "Taɓa wanga duro."

Ya taɓa. Ya dubi duron, ya dubi rumfa ta ƙofa, ya dube ni. Wasan ya bar fuskarsa. Na san ya gane, na kuma san abin da ke damunsa, don ƙani ba ya buɗe baki ya ce wa wansa ka yi kuskure, balle a gaban matarsa. Ya ɗan sosa ƙeya.

"Yaya, akwai wani abu da anka gwada muna a makaranta, ban taɓa samun duro mai kyau kamar wanga ba da zan gwada. Ka yi mani izini? Aci-balbal kawai nika so."

Ka yabi duron maigida ka gama da shi. Ya ce a kawo fitila. Na kawo, na kunna, amma ni dai so nake a zazzage albasar yanzu-yanzu. Mukhtari ya yi mini alama da ido in yi haƙuri.

Da aka cire zobe aka ɗaga murfi, wani wari ya bugo mu, tsami-tsami, kamar kunun da ya kwana biyu an manta da shi. Cikin murfin ya jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga. Jikin duron ta ciki duk gumi.

"Ikon Allah," in ji maigida. "Ta ina ruwa yash shiga? Ni da kaina nid ɗaure robar."

"Ba shiga yay yi ba, Yaya. Daga ciki yah hito."

Albasar ta kai rabin duro. Mukhtari ya rataye fitilar a wata waya ya riƙa zura ta a hankali. Tana wuce baki wutar ta tsuke, ta yi shuɗi, ta mutu, ba tare da ta taɓa komai ba. Ya fito da ita, ya ƙyasta ashana, ta kama lafiya lau. Ya sake zurawa, ta sake mutuwa. Maigida ya ce shi bai yarda ba, numfashin Mukhtari ne ke hure ta. Ya karɓi wayar, ya toshe hancinsa da hannu ɗaya, ya kau da kai, ya zura da kansa. Ta mutu.

Ya tsaya yana kallon hayaƙin lagwani. Can ya ce, "A zazzage."

Muka baje tabarmi a inuwar rumfa muka juye duron. Ba zan ɓoye ba, na ƙasan duk sun lalace. Sun narke, sun zama ruwa baƙi, wasu in ka ɗauka ɓawon ne kawai ke zuwa hannunka. Na zauna na fara tsinta kamar yadda na ga Baba yana yi, in juya, in latsa wuya, in shinshina. Mai rai dama, matacciya hagu. Maza biyun suka tsuguna suna miƙo mini.

Maigida ne ya fara magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Mukhtari, mi ak kashe wutar?"

"Albasar ta shanye iskar, Yaya."

"Albasa na da hanci?"

Mukhtari ya ɗauki wata wadda rabinta ya ruɓe, ya ɓare ɓangaren da ke da sauran kyau, ya zare wata 'yar fata siririya da ke tsakanin ɓawo da ɓawo, wadda ake ganin haske ta cikinta. Ya ɗora ta a kan farcensa.

"Wagga 'yar hwata ita munka hwara dubawa a makaranta, da wani madubi mai ƙara girman abu. Wallahi, Yaya, ɗakuna na, ƙanana, jere kamar tubalin gini, dubbai. Sunansu ƙwayoyin halitta. Albasar duk da su anka gina ta, kuma kowane ɗaki rai gare shi, shina bukatar ƙarhi don shi zauna da rai."

"To mi shika ci? Ba ta da saiwa, ba ta cikin ƙasa."

"Guzurinta. Sa'adda tana gona, ganyenta ya tara mata abinci, zaƙi-zaƙin nan da ka kan ji in anka soya ta. Sukari na. Kowane ɗaki shina ɗibar kaɗan, shi haɗa da wani sashe na iska, wanda Turawa ka ce ma oksijin, shi warware sukarin sannu-sannu, shi hid da ƙarhin da ke ciki shi yi aiki da shi. Abin da ka saura ukku na: ɗumi, da ruwa, da wata iska wadda ba ta da amfani gare shi. Ɗumin shi kunka ji a jikin duro. Ruwan shi na ga murhi. Iskar kuwa ita ac cike duron, kuma wuta ba ta ci cikinta, don ita ma wuta oksijin taka nema."

Na ce, "Wato murhu ke cikin albasa."

"Kusan haka, sai dai babu harshen wuta. Wuta kan cinye itace gaba ɗaya ta watsar da zahin. Ɗakunan ga kuwa tsinke-tsinke suka ci, don su samu su yi amfani da abin da sunka hitar. Ke ma haka kike, matarmu. Tuwon da kika ci da iskar da kika shaƙa, jini ka kai su ga ɗakunan jikinki, can aka yin aikin. Hanci ɗan aike na kawai. Shi ya sa jikin mai rai ka da ɗumi."

Maigida ya juya wata albasa a hannu. Ɗan kasuwa dai ɗan kasuwa ne, sai da ya nemo inda maganar za ta yi rauni.

"To ni shekara biyu ina rufe sukari cikin duron ga, bai taɓa yin ɗumi ba, bai taɓa yin gumi ba. Ba sukarin ba na?"

"Shi na. Amma naka babu mai ci cikinai. Abinci na ba mai shi. Albasa kuwa abinci ta da masu ci, wuri guda. Da iskar ta ƙare masu, sai sunka koma wata hanya ta wahala, wadda ba ta ba da ƙarhi sai kaɗan, ta bar tsami. Shi na warin da munka ji. In abin ya daɗe, su mutu, ruɓa ta shiga."

Na ce, "Shekara biyu gwamnati na ciyar da kai don ka koyo abin da Baba ya sani yana tsugune a bakin rudu."

"Malam ya san tana numfashi," in ji Mukhtari. "Ni na koyo da mi. Kuma shi bai taɓa samun duro ya gwada ba."

Maigida bai yi dariya ba. Da muka gama, na dama guda arba'in da uku ne, daga cikin kwando biyu. Ranar bai ci tuwo ba. Bai ce mini in yafe masa ba, ba irin maganarsa ba ce, ni ma ban ce masa komai ba. Washegari dai na ji ana sauke kara da itace a ƙofar gida.

Shi da kansa ya gina rudun. Na ce a kira wanda ya iya, ya ce a'a. Mutumin da bai taɓa ɗaure ko dangar akuya ba, sau biyu abin yana rushewa, a na uku ya tsaya a karkace kamar tsoho mai ciwon baya. Kuma a ina ya kafa shi? Daidai ƙofar ɗakin kwano, don nan iska ta fi kaɗawa. Masu zuwa kallon ɗaki suka koma kallon rudu. Abokansa na kasuwa suka sa masa suna Sarkin Noma, ya riƙa amsawa.

Damina ta yi kyau a shekarar, gero ya yi, mu ma lafiya muka yi ta. Kowace safiya kafin ya tafi shago sai ya ɗaga hular rudu mu duba tare, ni ina latsawa, shi yana riƙe da faifai. Wani mako babu asara, wani mako biyu su tafi, don waɗanda suka sha wuya a duro ba su gama farfaɗowa ba. A shekara goma sha biyu ba mu taɓa samun abin da muke yi tare da hannuwanmu ba sai wannan, kuma na ji daɗinsa ƙwarai, ko da yake ban gaya masa ba. Ya koyi gane mai ciwo tun daga wuya. Har ya fara yi mini gardama.

Abin da ya dame ni shi ne nauyi. Albasar da na sani tana cika hannu sai ta riƙa rage nauyi, ɓawo yana yin sako-sako. Na tare Mukhtari da maganar.

"Guzurin taka ci," ya ce. "Babu yadda za a yi, in ta daina ci ta mutu. Abin da za ki iya kawai ki sa ta ci a hankali. Inuwa, iska, kar ruwa shi taɓa ta, kar a ƙuje ta. Zahi da rauni su ka sa ta ci da sauri. Kwana shiddan nan na duro ta ci abincin wata biyu."

"To zai kai ta?"

"Shi na ban sani ba, matarmu. Tsayar da kara da hure aiki na babba, kuma da abin da yar rage cikinta za ta hwara shi."

Tun daga ranar maigida ya ƙara wa rudu zana ta gefen yamma saboda ranar la'asar. In kaza ta matso ya kore ta kamar ya ga kura.

Da aka yi girbi ruwan tafki ya fara ja, guda goma sha bakwai suka rage. Na naɗe su a tsohon rawanin Baba muka tafi Kalmalo. Malam Halliru ya kwance ƙullin a kan cinyarsa, ya ɗauki ɗaya ya auna a tafin hannu.

"Ɗiyata, waɗanga sun ci kansu. Na Hamidu in ya kawo, guda kan cika hannu. Mi as same su?"

Na buɗe baki ina neman yadda zan rufa asiri, maigida ya riga ni.

"Ni na, Baba. Na rufe su cikin duro."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, da babbar rigarsa da agogonsa. "Duro," ya ce. "To. Allah shi kyauta. Mu bizne mu gani."

Aka binne su a fangalin Baba na nesa. Sai maganar ban ruwa ta taso, don Malam Halliru ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa kuma nasu ya ishe su. Maigida ya ce shi zai yi. Na ɗauka maganar kunya ce ta gaban tsoho. Ashe da gaske yake. Ya sayi keke, in ya sallame asuba ya hau, ya je ya ja jigo, wato dogon itacen nan mai guga da ake ɗebo ruwa da shi, ya dawo da hantsi ya buɗe shago. Makon farko tafin hannunsa ya yi ƙurji ya fashe, sai da na riƙa shafa masa man shanu. Cin tuwonsa ya ninka. Ya ce ba laifinsa ba ne, ɗakunan jikinsa ne ke neman itace.

Ganye ya fito, maigida ya zo ya gaya mini. Na yi murna, amma Malam Halliru ya aiko cewa kada in yi saurin guɗa, ko albasar miya in ta ji ruwa tana ganye, kara ake jira. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya kama. In na tambayi maigida sai ya ce, "Suna nan dai." Na lura ya daina ba ni labari, na ɗauka abin ya ƙi ne yana tausaya mini. Ni ma sai na daina tambaya, na fara koya wa zuciyata haƙuri.

Wata Laraba da safe ya ce in shirya, ya samo jaki, za mu gaida Malam Halliru. Ba mu shiga gari ba, ya bi da ni ta bayan gonaki. Tun daga nesa na hango farin abu yana rawa a iska.

Guda goma sha ɗaya ne suka yi kara. Ba su kai na zamanin Baba tsawo ba, iyakarsu ƙuguna, amma kowane kara da dunƙulen farin fure a kansa, wasu uwa ɗaya kara uku, ƙudan zuma sun cika wurin da ƙugi. Malam Halliru yana zaune a kan kunyar gona da sandarsa. Maigida ya tsaya gefe yana kallon fuskata, mako uku ke nan yana riƙe da wannan labari a cikinsa, ban san yadda bai fashe ba.

"Na Hamidu na," in ji tsohon. "Dubi wuyan karan. Wanga zai ba da iri ya cika ɗan ƙoƙo. Baɗi ki ba kowa kaɗan, kar a sake barin shi hannun mutum ɗaya."

Na durƙusa a gindin wadda ta fi tsawo. So nake in taɓa albasar da na yi wata biyar ina latsawa kowace safiya, in ji yadda take. Na tura yatsa cikin laka a hankali, na laluba. Babu ita. Sai ɓawo kawai, fanko, ya lotse a ƙarƙashin yatsana, sabuwar saiwa ta ratsa ta cikinsa. Duk abin da ya rage mata ta tura shi sama.

Tun ranar da aka fita da gawar Baba ban yi kuka mai sauti ba, ina ta hidimar baƙi, daga nan na shiga hidimar albasa. A nan ya zo mini, gwiwoyina cikin laka, na yi shi har na gode Allah, kuma kukan daɗi ne fiye da na baƙin ciki. Babu wanda ya ce in yi shiru. Malam Halliru ya juya yana kallon tafki.

Da na lafa sai na ji ƙarar jigo. Maigida ya tuɓe babbar riga ya rataye a kan ƙaya, ya naɗe wando, yana juye guga a bakin hanyar ruwa.

"Raliya," ya ce, "ɗan matsa daga nan, ruwa na tahe."